Babana, maganar motar nan

Assalamu alaikum Babana. Ya gida ya iyali, ya 'yan makaranta, ya kasuwa. Mu nan Haɗejia lafiya lau sai godiyar Allah, gwiwar ce dai take ɗan taɓa ni da asuba amma da sauƙi.

Shekaranjiya na kira ka sau biyu ba ka ɗauka ba, jiya kuma aka ce wayar a kashe take, ni kuwa na san ba caji ba ne ya ƙare, ka san maganar da ke bakina ne. To shi ya sa na zauna nake lallaɓa wannan rubutun da yatsa ɗaya, tabarau a hanci, tunda shi rubutu ba a katse shi da "Baba bari in kira ka anjima ina tare da mutane".

Labari ya iso ni. Kuma kada ka je ka tuhumi Ummanka, ita ma a bakina ta ji. Wani ne ya shiga Kano kai kaya Dawanau, a hanyarsa ta dawowa ya hango Hilux ɗinka a wurin dillalai an wanke ta tas har taya na sheƙi, sai ga shi bayan la'asar a ƙofar gida yana min barka wai ashe sabuwar mota za mu yi. Na yi dariya na ce eh wallahi haka ne, don kada ya gane ban san komai ba. Ka ji abin da ka ja min, da furfurata ina yi wa mutum dariyar yaƙe a ƙofar gidana a kan motar da ni na je har Damagaram na tuƙo ta da hannuna. Wai Sienna za ka karɓa ka yi ciko, ka rabu da gas, wato dizal, ka koma fetur.

Ban ce ba ka da hujja ba. Mota taka ce, tun ranar da na miƙa maka mukulli a gaban kawunka na ce na ba ka halak malak, kuma ba na mayar da kyauta. Na kuma san wuyar da ka sha. Ban manta 2022 ba, farkon shekarar ana sayen gas wajen naira 300 da 'yan kai, Rasha ta afka wa Yukiren a watan Fabrairu, kafin damina ta yi nisa lita ta kai 800, alhali fetur bai ko kai 200 ba a gidan mai. Ninki huɗu har da ɗoriya. Ina sane da yadda abokanka suka dinga yi maka tsiya wai kana tuƙa janareton kamfani, ina sane ka yi wata biyu ka jingine ta kana hawa haya zuwa Maigatari, kuma ka ɓoye min. A wancan lokacin da ka zo ka ce Baba zan sayar, wallahi da kunya za ta hana ni cewa komai, don lissafi yana bayanka. Ka yi haƙuri ka cije a lokacin da ya kamata ka gudu, yanzu kuma da rana ta juya sai ka ce za ka gudu, wannan ne ban gane ba.

Don ka san dalilin da ya sa fetur ya yi ta zama da araha a ƙasar nan ba wai don shi ne mai sauƙin samu ba, gwamnati ce take biya maka wani kaso. Gas kuwa tun zamanin Obasanjo aka sake shi kasuwa ta yi halinta, shi ya sa kowa a Najeriya ya raja'a a kan motar fetur, hatta Hilux ɗin da ake shigowa da su nan yawanci na fetur ne, sai ka tsallaka Nijar ka ga masu gazuwal, wato gas, birjik. To wancan zamanin ya wuce ranar 29 ga Mayu 2023, ranar da aka rantsar da Tinubu ya ce tallafi ya tafi, kwana biyu tsakani lita ta tashi daga ƙasa da 200 ta haura 500, kafin ƙarshen 2024 ta taɓa dubu har ta wuce. Shi kuma gas da ya yi ta hawa har wajen 1,600, da matatar Dangote ta fara fitar da nata a 2024 sai ya sauko. Har yanzu ya fi fetur tsada, ban musa ba, amma ina ninki huɗu? Ko ninki biyu babu.

Kuma kai ɗan kasuwa ne, ka san ba kuɗin lita ake dubawa ba, inda litar ta kai ka ake dubawa. Injin gas ba shi da fulogi, iska yake matsewa har ta yi zafi sannan nozul ya fesa mai ya kama da kansa, wannan matsin shi ne ƙarfinsa shi ne kuma tattalinsa, ga shi man kansa ya fi fetur nauyi da auki. Motarka injin 3L ne, ni na sha gwada ta, in hanya kwalta ce kuma ba gudu nake ba lita 10 tana kai ni kilomita 100 da kaya a bayanta. Sienna silinda shida ce, ɗora mata buhun riɗi takwas ka kunna esi ka shiga burji ka gani in lita 14 za ta ishe ta. Mu ƙaddara tafiyar da kake yi da lita 30 na gas, a ce 1,200 kowace lita, 36,000 ke nan. Ita kuma ta sha 42 na fetur a 950, ka ga 39,900. Ina ribar? Kuma ban sa cikon da za ka bayar ba, ban sa la'adar dillali ba, ban sa canjin takardu ba, ban kuma sa abin da za ka tarar a cikin giyar otomatik ɗin da ba ka san wanda ya ci ƙuruciyarta ba. Mota in ta zauna a wurin dillalai kowace lafiyayya ce, sai ka kai ta gida sati biyu sannan take fara ba ka labarin mijinta na fari.

Ga ta kuma cikinta a ƙasa. Yashin da ke tsakanin ƙauyukan da kake shiga bayan Gagarawa da Sule Tankarkar ba na motar kai amarya ba ne, ranar da ta zauna a kan cikinta sai an nemo shanu.

Na san za ka ce gyara. Eh, nan kam ka kama ni. Masu gyaran famfon injekta na ƙwarai sun yi ƙaranci, tsofaffin hannun duk sun mutu ko ido ya tafi, yaran yanzu kowa fulogi da kwayil ya iya sai jona kwamfuta, in ka kai musu famfo su buɗe su ɓata maka saiti su ce ka sayo wani a Ƙofar Ruwa. Ga masu haɗa gas da kalanzir, ga mai ruwa a ciki, shi kuma famfon nan da man yake samun santsi, in aka surka shi da kalanzir a bushe yake aiki har ya cinye kansa. Da hunturu kuma sai ka jira hita ta yi zafi kafin ta tashi, ta cika unguwa da ƙara da farin hayaƙi maƙwabta suna tsaki. Duk na sani, ni na rene ta. Amma sau nawa na ce maka ka dinga zubar da ruwan da ke taruwa a ƙasan filta, ka canza filtar duk juye biyu, ka daina shan mai a inda ba ka sani ba don rarar naira hamsin? An ce min tana baƙin hayaƙi yanzu kuma ba ta jan tudu kamar da. Wannan ba mutuwa ba ce, nozul ne suke neman a duba su, wataƙila da filtar iska ta toshe da ƙurar kaka. Tayimin bel ma tun da na ba ka ita ban ji ka ce ka canza ba, kuma fitilarsa a kilomita 100,000 take kamawa, in ya tsinke kana tafe to a nan ne za ka san an yi asara. Ka ƙi ba ta haƙƙinta sannan ka ce ta gaza. Kuma kada ka ɗauka fetur ba a gurɓata shi, a Fabrairun 2022 ɗin nan dai aka shigo da wanda ya yi yawan sinadarin metanol daga Beljiyam, motoci suka dinga mutuwa a Legas da Abuja, layi ya dawo sabo fil.

Ƙanenka ya ce min har da cewa kake yi ai Turawa ma sun bar dizal. Ɗan gwaggonka na Landan ya ba ni wannan labarin tun zuwansa na bara, can in motar gas ɗinka ta girmi ƙa'idar da suka sa, wato yawanci duk wadda aka yi kafin 2015, fam 12.50 za ka biya duk ranar da ka fito da ita, kuma tun Agustan 2023 suka faɗaɗa abin ya game birnin gaba ɗaya. Shi dole ya sa ya sayar da tasa. Su hayaƙin cikin gari suke gudu kuma suna da gaskiyarsu, ni da na shekara 22 a kan tanka ƙirjina ya shaida hayaƙin gas ba abin shaƙa ba ne. Amma kai wa ya tare ka a Gujungu ya ce ka biya kuɗin hayaƙi? Motarka ba a tsakiyar gari take yini ba, a daji take. Maganar iskar gas ɗin nan ta tukunya da gwamnati take ta talla, wadda sunan ma yake rikita mutane da namu gas ɗin, gaskiya ne injin fetur ya fi sauƙin juyawa zuwa gare ta, to amma a wane ƙauye za ka cika tukunyar? Bari bututun da suke ja daga Ajakuta ya iso Kano ya zauna da gindinsa tukuna mu gani.

Duk wannan da na zayyano maka Babana, wallahi ba shi ne ya hana ni barci ba. Kuɗi ne, in ka yi asara ka mayar, ba yau ka fara ba. In don lissafi ne da na bar ka ka ƙona rumbunka, kai ka san inda toka take tsada.

Jarka ce.

Na san yadda kake tafiya don ni na koya maka. Ba ka taɓa fita kasuwar ƙauye ba tare da jarka biyu a baya ba, saboda in ka bar kwalta babu gidan mai sai 'yan bumburutu da galan, su ma ba kullum ba. Shekara nawa kana yi ban taɓa ce maka uffan ba, saboda gas ne a ciki. Gas in ka zuba a kwano ka ƙyasta ashana ka jefa, mutuwa ashanar take yi, sai ya yi zafi ya haura digiri 50 da wani abu kafin ya fara fitar da tururin da zai kama. Ban ce ba ya ci ba, yana ci in wuta ta riga ta kama ko in an surka shi, amma yana ba mutum lokaci, yana barinka ka fita ka ja na kusa da kai. Fetur ba ya ba kowa lokaci. Ba ruwan ne yake kamawa ba tururin ne, kuma ko cikin sanyin Janairu yana fitar da shi balle zafin Afrilu na ƙasar nan da jarkar roba take kumbura kamar cikin jaki. Tururin nan ya fi iska nauyi, ba sama yake tashi ba, ƙasa yake bi yana rarrafe kamar maciji, ya bi ƙarƙashin kujera, ya bi ƙarƙashin ƙofa, ya je ya samo wuta a inda take ya jawo ta har bakin jarkar. Ba sai ashana ba. Kan batir da ya yi sako-sako ya isa, waya ɗaya da ta goge ta isa, guntun sigarin ɗan dako ya isa, kai hatta gogar roba da roba in iska ta bushe da hunturu tana ba da ƙyas ɗin da ba ka gani, shi ya sa a depo ba a taɓa yi mana lodi sai an maƙala wa tanka wayar ƙasa.

Yanzu a Hilux jarkar tana waje, a buɗaɗɗen baya, iska na dukanta. A Sienna ina za ka sa ta? Ciki. Bayan kujerar ƙarshe, gilas a rufe, esi na juya iskar tana dawowa, kuma dalilin sayen motar ma ai don ka dinga ɗaukar iyali ne, na sani, ban kuma ga laifin yarinyar nan ba in ta gaji da hawa gaban akori-kura da goyo ana jijjiga ta, mace ce mai haƙuri ba ta taɓa kawo min ƙara ba. To ranar da za ku taho Sallah, layi ya yi tsawo a Kano ko ka ji an ce nan ya fi tsada, za ka ce bari in cika jarka ɗaya kawai in sa a baya. Za ka yi, kada ka ce min ba za ka yi ba, jinina ne kai na san yadda kanmu yake lissafi. Sannan ka jera min jikoki uku a kujerar da ke jingine da ita.

Ka bi ta Majiya bayan abin da ya faru ko ba ka bi ba? Kai kana Kano ka gani a waya, ni na je. Daren 15 ga Oktoba 2024, tanka ta taso daga Kano za ta Nguru ta faɗi, mai ya malala cikin kwata, mutane suka fito da bokiti da jarka, sama da mutum 150 suka tafi, aka haƙa rami ɗaya aka jera su washegari, waɗansu kuma suka yi ta cikawa a asibitoci har makonni. An kawo wasu nan asibitin garin nan, na shiga dubiya na fito ban iya cin abinci ba kwana biyu. Warin nan na san shi Babana, shekara 30 ke nan a lokacin amma ina shiga ɗakin hancina ya gane shi. Wata uku tsakani aka sake yi a mahaɗar Dikko ta jihar Neja, a Janairun 2025, can ma ana ƙoƙarin juye man ne zuwa wata tankar da janareto a kunne. Mutane suna ta cewa talauci ne, wasu suna cewa kwaɗayi ne, ni ban ce komai ba, don na san babu ɗaya a cikinsu da ya fito daga gida da niyyar mutuwa, kowa cewa ya yi galan ɗaya kawai zan ɗiba in dawo.

Ni ma jarka ɗaya ce.

Kana shekara huɗu a lokacin, abin da ka sani shi ne abin da aka gaya maka, kuma an gaya maka daidai gwargwado. Ka san dalilin da ya sa gwaggonka ba ta fitar da hannun hagu daga mayafi, ka san dalilin da ya sa aka toshe ƙofar ɗakin zaure aka fasa wata ta gabas, ka san sunan wa ƙanenka yake ɗauke da shi. Abin da ba na jin an taɓa gaya maka shi ne wanda ya kawo jarkar fetur ɗin gidan. 1994 ne, muna yajin aiki, ƙasa gaba ɗaya babu mai, mutane na kwana uku a layi, ni kuwa ina da hanya. Na ce baffanka yana da babur yana wahala, in kawo masa ya samu na zuwa gona, ragowar a sayar a sayi hatsi don gidan babu. Niyyata ke nan Allah shi ne shaida, kuma duk wanda yake da hanya a shekarar haka ya yi, ba ni kaɗai ba, gidaje nawa ne a unguwar nan ba su ajiye ba? Na kuma ce a bar ta a waje gindin darbejiya, na faɗa, Ummanka tana raye ka tambaye ta. Tsoron ɓarayi ya sa aka shigar da ita. Fitilar ma ba a kusa take ba, tana can bakin ƙofa a ƙasa. Malamai sun yi min nasiha, Inna har ta koma ga Allah ba ta taɓa ɗaga min maganar ba ko da wasa, kowa ya ce ƙaddara ce kuma na yi imani ƙaddara ce. Amma ni na ɗauko ta na ɗaura a bayan keke na kawo.

Shi ya sa da na tashi saya maka mota na tsallake duk na fetur da ke Kano masu araha na tafi Damagaram, na sha wahalar kwastan da takardu, 'yan uwa suna cewa tsoho ya rikice ya sayo wa yaro tarakta. Ban yi wa kowa bayani ba, kai ma ban yi maka ba, na ce maka dai ta fi ƙarfi ta fi tattali, kuma ba ƙarya na yi ba. Na san sana'arka ba ta rabuwa da jarka, na ce to in dai sai an ɗauka a ɗauki wanda ba ya rarrafe.

Sai ga shi ka wanke ta ka kai wa dillalai ko sallama babu. Abin da ya ƙona min rai ke nan. Kai yanzu ka girma, ka yi gemu, kana juya kuɗin da ni ban taɓa riƙewa ba, shawara sai da abokan shago da waɗancan masu surutu na Facebook, uban da ya yi shekara 22 yana kwana a ƙarƙashin tanka bai san komai a kan mai ba, tsohon yayi ne. Da can in ƙusa ta huda maka taya sai ka kira ni. Yanzu za ka sayar da mota sukutum in ji a bakin ɗan kai kaya. Me ka ɗauke ni, wanda za a ɓoye wa abu kamar ƙaramin yaro sai an gama a zo a ce Baba ga shi ka sa albarka? Albarkar ai kafin a yi ake nemanta. Kuma wayata da kake gani tana shigowa kana kifa ta, ka sani akwai ranar da za ka nemi lambar nan ta kira ka ba za ta kira ba.

Astagfirullah. Na bar rubutun na je na yi isha'i na dawo, na karanta na saman nan na so in goge, sai na ce a'a bar shi, ka san raina ya ɓaci. Amma ba fushi nake da kai ba Babana, ban taɓa iya fushi da mai wannan sunan ya kwana ba. Na san gudun ɓacin raina ne ya sa ka yi shiru, ka san yadda nake ji da motar, ka ɗauka son ƙarfe ne irin na tsofaffin direbobi. Kai yaro ne mai jin ƙai, kai ka riƙe gidan nan shekarar da na kwanta, ban manta ba.

Ga abin da nake so. In ba a riga an yi musafaha an karɓi kuɗi ba, ka je ka ɗauko ta. Akwai wani dattijo a nan da har yanzu hannunsa bai mutu ba a kan famfo, tare muka yi zamani, zai duba nozul ɗin ya saita, a canza bel da filtoci a yi juye, ka ja ta wannan kakar riɗin ka riƙa rubuta abin da ta sha a littafi, in an kai ƙarshen kaka lissafi bai fita ba ni da kaina zan raka ka wurin dillalan. Kuɗin gyaran kada ya dame ka, bijiman nan biyu da nake turke ɗaya ya isa fita, dama Maigatari zan aika shi ranar Alhamis. Maganar iyali kuma gaskiya ce, a nemo musu 'yar ƙarama ta shiga gari ko da bayan kaka ne, Corolla ko makamanciyarta, wadda daga gida sai makaranta sai asibiti sai gidan mai, ba ruwanta da jarka. Ba sai ka haɗa motar daji da motar gida a jiki ɗaya ba. Kada kuma wani bakanike ya ruɗe ka da cewa a sauke injin gas ɗin a ɗora na fetur, na ga waɗanda suka yi, wayoyi a jone da salatif, tiyon mai yana bi ta gefen salansa, wannan ya fi komai muni.

In kuwa an riga an gama, ciniki ya faɗa, to ba zan ce ka warware ba, mutuncinka a kasuwa ya fi mota. Sai dai ka zo ka zauna a gabana ga Ummanka ga kawunka, ka yi min alkawari da bakinka cewa fetur ba zai taɓa shiga cikin motar nan ba sai ta bakin tanki, ko an shekara ana layi, ko kyauta aka ba ka, kuma ba zai kwana a gidanka ba ko na janareto ne sai dai a can waje nesa da kicin, a inuwa, a abin ƙarfe mai murfin kirki. In mai ya yanke maka a daji ka kwana a dajin, ka kira ni in turo yaro da babur. Ka sayi abin kashe gobara na gaske ka ɗaure kusa da kujerarka ba irin na nuna wa 'yan road sefti ba. Ban taɓa sa ka rantsuwa ba tun da aka haife ka, wannan karon ina jin sai na sa ka.

Ka taho ranar Juma'a mu yi sallah tare, ka kwana ɗaya. Ummanka ta sa an ƙyafe muku kifi tun Litinin tana ta faɗan kada ya yi ƙwari, ga kuka da daddawa ta ƙulla wa maiɗakinka. Ka zo min da babban, an ce ya shiga izu biyu ina so in ji da kunnena. Maganin gwiwar nan na shafawa ya kusa ƙarewa, irin mai jan kwali, in ka samu guda biyu.

In motar tana nan ka zo da ita, kada ka kashe ta a ƙofar gida sai na fito, ina so in saurari injin da kaina kafin dattijon ya taɓa.

Mahaifinka.